Sunan Ɗan Fari a Gidan Masu Daddawar Japan

Tun da na dawo ban huta ba. Wadda ta zo yi mini barka da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "To Madam, ba mu labari." In ba na safe, na rana su taho, in sake daga farko. Hajiya Rabi maƙwabciyata ta ji shi har ta fara tuna mini inda na tsallake. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba, ni kuma in samu in sha furata cikin natsuwa.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Mayahi har na aje aiki. Maigidana mutumin Bawdeta ne, can ƙasar Tasawa, Allah ya yi masa rasuwa yara ba su gama girma ba. Ya bar mini ɗiya mata ukku da namiji guda, kuma namijin shi ne na fari. Kun dai san yadda muke da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a sakar masa fuska gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Bawdeta, sai da ya isa shiga lakwal ya dawo hannuna. "Wancan" nake ce masa, in raina ya ɓaci in ce "kai yaro". Ubansa kuwa Malam nake ce masa har ya koma ga Allah. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi.

To wancan ya yi karatun aikin gona a Yamai, ya samu bursu, wato tallafin karatu, ya tahi Japan nazarin wake. Can ya haɗu da wata yarinya, Mayumi, ɗiyar wasu masu hali. Ta musulunta, ta ɗauki suna Maryama, ta kuma iya Faransanci. Ban taɓa ganinta ba sai a waya, amma bara wani ɗalibi da ya dawo hutu ya kawo mini saƙonta. Na kwance, sai na ga littattafai ƙanana jere, fassarar Faransanci, bangonsu da zanen ƴan mata masu idanu kamar na mujiya. Labarin soyayya ne na ban dariya a kan wani gidan attajirai na ƙasarsu. Gidan ɗiya mata ne zalla, da wata tsohuwa mai mahuci da kowa ke tsoro, da wani ɗalibi talaka da ya shigo koya ma ƙaramar lissafi ya ɓige da son babbar. Kullum sai ya faɗa cikin tafkin kifin gidan.

Bayan la'asar nake karanta ma matan unguwa ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar gidana, ina juya musu da Hausa. Dariya har da masu riƙe ciki. A littafi na ukku attajiran suka ce sun yarda su ba shi ɗiyar, amma tunda ba su da namiji, sai ya zama ɗansu, ya aje sunan ubansa ya ɗauki nasu, ya zauna gidan. Ya amsa da murna, ya sake faɗawa tafki. Mata suka kwashe, wata ta ce wannan shi ne amarya. Hajiya Rabi ce kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Madam, uwarsa tana ina?"

Na juya shafi gaba, na juya baya. Babu uwa a littafin, ko tarinta ba a ji ba. Na ce, "Hajiya, tatsuniya ce, ki bar mu mu ji daɗinmu."

Da damina ta wuce wancan ya kira ya ce iyayen yarinya na son ganin nasa. Na ce wannan aikin baffanni ne. Ƙanen Malam da ke Bawdeta ya ce shi ko da sarƙa ba za a sa shi cikin jirgin sama ba, in je da yawunsa. Na haɗa kaya: kilishin Tasawa, goro fari mai kyau, turaren wuta, takalman fata, bargon saƙi, da daddawar da ƙanwata ta yi da hannunta.

Motar da ta ɗauko ni daga Mayahi ta yi faci kafin mu kai Cadawa, muka zauna gindin wata gawo ina rungume da balis, akwatin kayana, kamar jariri. A Maradi na shiga kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja. Wata ƴar kasuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni ina zuwa, na ce Japan. Ta ce to in taimaka in tambayar mata kuɗin kwanukan tangaran, tunda ƙasar Sin ce. Na ce ba ita ba ce. Ta ce duk ɗaya ne, in dai tambaya.

Jirgi ba ni da abin faɗa a kansa sai tsawo. Mun sauka Habasha mun canza wani. Na yi barci, na tashi, na yi salla a zaune, na sake barci, har yanzu muna sama. Rana ta fito a lokacin da agogona ke cewa dare ne. Daga nan na daina duba agogo, na bar ma Allah.

Abin mamaki na farko a wurin duwan, masu binciken kaya, ya same ni. Ina tsaye kan layi sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga, ya taho ya shinshina balis ɗina ya zauna. Balis ɗin da dardumar sallata ke ciki. Na ce, "Kai, tashi." Bai tashi ba. Wani ma'aikaci mai farar safar hannu ya zo ya sunkuya mini, ya buɗe kaya, ya ciro kilishi. Ya nuna mini hoto an ja ma nama jan layi. Ya ciro goro, shi ma ya ce ba ya shiga. Yana ɗauka yana sunkuyawa yana ba ni haƙuri, har na rasa wa aka yi ma laifi tsakanin ni da shi. Ni na saba wanda zai karɓe maka kaya shi ne mai haɗe rai, kai kake durƙuso. Da ya kai kan daddawa na ce shi ke nan, yau za a ɗaure ni. Ya buɗe, ya shinshina, sai fuskarsa ta washe. Ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina, suka gyaɗa kai, suka mayar mini da abata. Na fito ina tunanin yadda mutum zai shiga gidan surukai babu goro ko ƙwara ɗaya.

A bakin ƙofa na hango su. Wancan ya taho da gudu, hannu buɗe, wai zai rungume ni gaban jama'a. Na kauce na ce, "Ɗauki kaya." Yarinyar kuwa, da ɗankwalinta, ta zube gwiwa biyu a ƙasa nan cikin filin jirgi ta ce da Hausa, "Inna, sannu da hanya." Wallahi sai da zuciyata ta motsa. Na ɗago ta na rungume, na riƙe hannunta har muka shiga jirgin ƙasa. Shi yana baya da balis. Ban waiga ba, amma ta gilashin taga na ƙare masa kallo, na ga ya rame a wuya.

Jirgin ƙasarsu cike yake maƙil, amma shiru kamar gidan makoki. Na yi sallama da na shiga, ba wanda ya ɗago kai. Can sai wayata ta yi ƙara, Hajiya Rabi ce. Na ɗauka na ce mata na sauka lafiya, an karɓe kilishi, a gaida yara. Kun san muryata, ta aji ce. Da na gama sai na ga kowa ya sunkuyar da kai kamar ni na kama su da laifi. Wancan ya matso ya ce a hankali, "Inna, nan ba a waya cikin jirgi." Na ce to in an yi rasuwa fa.

Garinsu ƙarami ne, tsakanin duwatsu. Suka sauke ni wani masauki na gargajiya, wai na manyan baƙi ne. Ɗaki ba gado, ba kujera, tabarma ce shimfiɗe bango zuwa bango, da dare a ciro katifa daga kabad a shimfiɗa ƙasa. Na ce ikon Allah, na ƙetare duniya don in kwana ƙasa kamar a Bawdeta. Makewayi kuwa na shiga da butata, sai murfin ya buɗe da kansa. Na ja da baya ina a'uzubillahi. Wajen zaman da ɗumi kamar wani ya tashi yanzu, ga maɓallai jere a gefe. Na danna ɗaya ruwa ya taso, na danna wani don in tsayar da shi sai kiɗa ya tashi. Daga baya dai na yarda abin yana da tsabta, amma buta ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Kuma akwai takalmin da aka aje na makewayi kaɗai. Ni ban sani ba, na fito da shi na zaga masaukin duka ina gaida mutane, har wata dattijuwa mai aiki ta biyo ni da wani takalmin a hannu, fuskarta ja kamar ita ta yi abin.

Ita ce kuma ta kai ni wurin wanka. Ta zuge ƙofa, sai ga tsofaffin mata sa'o'ina cikin wani tafki mai tururi, ba ko zanen ɗaurin ƙirji, suna hira. Ɗaya ta ɗago mini hannu. Na ce innalillahi, na juya. Mutanen da ke jin kunyar ɗaga murya a jirgi, su ne waɗannan. Na koma ɗaki na yi wankana ni kaɗai.

Abinci ma da nasa. Kifi ɗanye, an yanka shi an jera kamar kayan ado. Ƙwai ɗanye a kan shinkafa, shinkafar ba mai ba gishiri. Maryama ce ke duba mini kowane kwano ko da alade ko giya a ciki. Abu guda na ci da daɗi, wani wake mai yauƙi kamar kuɓewa, mai warin daddawa. Na ƙara kwano, ma'aikatan masaukin suka taru suna kallona suna murna.

Washegari aka kai ni gidan surukai. Ni da na karanta littattafan nan na sa rai da ƙofar zinariya da barori jere. Sai na tarar da tsohon gidan katako, ɗakuna wayam, bango na takarda. Tafkin kifi dai akwai shi, na gan shi na yi murmushi. Wani tsoho ya fito daga baya da takalmin roba har gwiwa da tawul ɗaure a kai, na ɗauka mai gadi ne, har na miƙa masa jakata. Maryama ta ce, "Inna, babana ne." Ya karɓi jakar kuwa, ya riƙe da hannu biyu. Uwar ta fito daga baya, siririya, tsaye kyam, murmushinta bai wuce leɓe ba. Mahuci kaɗai ta rasa.

Tsohon ya zaga da ni wurin sana'arsu. Rumfuna ne manya cike da gangunan katako, kowace ta fi rumbun hatsi. Tun daga ƙofa hancina ya gane. Na ce ma Maryama, "Wannan ai daddawa ce." Ta ce ƙanwar daddawa ce, da waken suya suke yi, kakanni da kakanni. Na riƙe baki. Mu mai daddawa tsohuwa ce da faifai a bakin kasuwar Mayahi, su kuwa ga manyan motoci na jiran lodi da sunan gidan rubuce a jiki. Na ba shi tawa, ya gutsura ya sa a baki, ya rufe ido yana tauna. Sannan ya yi mini tambayoyi kan kalwa har Maryama ta gaji da fassara.

A nan ya fara yabon wancan. Wai hancinsa ya fi na ma'aikatan da suka tsufa a wurin, wai yana zuwa da asuba ba a kira shi ba, wai bai taɓa ganin yaro mai haƙurinsa ba. Cikina ya cika da daɗi har ina jin kamar in zauna ƙasa. Amma me zan ce? Na kawar da kai na ce, "Ba wani abin kirki gare shi ba, ku dai kuke haƙuri da shi." Maryama ta fassara. Na ga uwar ta dube ni, ta dubi mijinta, ta ɗan gyaɗa kai. A lokacin ban ba abin muhimmanci ba.

Da azahar aka aje abinci, kowa da ɗan teburinsa a ƙasa. Nan na ga abin da ya fi wanka. Ɗana, ɗan Malam, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da surukinsa yana cin abinci. Ya cinye ya miƙa ma uwar matar kwano ta ƙara masa. Yaron da ko ruwa bai kamata ya sha gabansu ba. Na harare shi, ya yi kamar bai gani ba. Ni kunyarsa ta hana ni ci.

Aka kwashe kwanuka. Tsohon ya ja da baya daga matashinsa, ya dafa hannu biyu, ya kai goshi har tabarma a gabana. Matar ma haka. Na zabura na ce, "Subhanallahi, ku ce masa ya tashi, ba a yi ma mutum haka." Bai tashi ba, daga nan ƙasa ya yi magana mai tsawo. Na dubi wancan don ya fassara. Ya ƙura ma tabarma ido. Maryama ce ta faɗa da Faransanci.

"Inna, babana ya ce gidan nan ba shi da namiji, ni kaɗai ce. Suna roƙonki ki ba su shi ya zama ɗansu. Ya ɗauki sunan gidan, ya gaji aikin, ƴaƴanmu su tashi da sunan."

"Sunan ubansa fa?"

"Sai ya aje shi."

Littafi na ukku ne aka shimfiɗa gabana, da tafkinsa da komai, kuma ni ce na yi dariya ƙarƙashin bedi. Na tuna gonar Malam ta Bawdeta da har yau ake kira da sunansa. Namiji guda ya bari a duniya.

Na juya ga wancan da Hausa, na ce, "Kai yaro, ka san da wannan?"

"Na sani, Inna."

"Ka sani, ka sa na bar gidana na taho?"

"Sun ce sun lura ba ki da damuwa da ni sosai, Maryama kika fi so. Sun ce abin zai zo da sauƙi."

"Su ba su san al'ada ba. Kai ma ba ka sani ba?"

Ya ɗago kai, idanunsa sun kaɗa. Ya ce, "Na san al'ada, Inna. Amma sunan da ake magana a kai, ban taɓa jin shi a bakinki ba. Nawa ko na Baba. Na ce ƙila ba zai yi miki ciwo ba."

Ban san irin zafin da na ji ba, ban kuma taɓa jin irinsa ba ko ranar da aka fita da Malam. Ni da na sayar da awakina don ya shiga lise, babbar sakandare. Ni da nake tashi in leƙa shi yana barci in koma kada kowa ya gani. Haushi ya kama ni, nasa da nawa da na uwata da ta koya mini. Ga mutane biyu goshi a ƙasa suna jira, kuma na gane in na yi shiru irin namu na kunya, su amsa za su ɗauke shi.

Na gyara zama irin na aji. Na ce ma Maryama, "Ɗiyata, ki fassara, kar ki rage komai." Sannan na nuna shi da hannu, abin da ban taɓa yi ba, na ce:

"Wannan sunansa Lawali. Lawali Isuhu. Isuhu ubansa ne, mijina ne, yana kwance a Bawdeta. Ni na haifi Lawali, shi na fara haihuwa, kuma duk duniya ba ni da kamarsa. Abin da kuka faɗa a kansa gaskiya ne, kun ma rage. Ku ɗauki ƙarfinsa, ku ɗauki hancinsa, ya yi muku aiki har ya tsufa. Amma sunan ba nawa ba ne balle in ba da shi."

Sunayen nan biyu sun fito mini da nauyi kamar na haɗiye dutse na maido shi. Lawali ya rufe fuska da hannu biyu. Maryama tana fassara tana kuka. Uwar ta ɗago, ta daidaita zamanta, ta yi magana gajera. Wai ɗiyarsu ta ɗauki sabon suna saboda ɗana, ba su hana ba. Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Na ce, "Ta ƙara suna ne, ba ta cire ubanta ba. Da ta cire, da ni zan fara hana ta." Tsohon ya daɗe yana kallona. Aka tashi taro ba a yanke komai ba.

A hanyar masauki Maryama ta riƙo gefen mayafina. Ta ce, "Inna, na kasa faɗa miki da baki, shi ya sa na aiko littattafan. Na ce in kin kai na ukku za ki gane." Na ce, "Ke ma dai. Ki aiko ma mutum abin dariya ki ce gargaɗi ne?" Na yi niyyar in yi mata faɗa sosai, amma na ga ita ma tsakiya take, ga iyaye ga miji. Na ce ta share hawaye kar a ce na doke ta. Ranar ban ci abinci ba. Na zauna ina tunanin ko na kashe ma yaron aure da bakina.

Washegari da hantsi mai aikin masauki ta ce ina da baƙo. Tsohon ne, da takalminsa na roba, Maryama na bayansa. Ya zauna bakin baranda bai shigo ba. Ya ce shi ma ba ɗan gidan ba ne. Ɗan masunci ne daga wani tsibiri, na ukku a wurin ubansa, ya zo aiki yana saurayi aka ba shi ɗiya da suna tare. Uwarsa ta zo biki, ta zauna a kusurwa, ba ta ce komai ba, ba ta ci komai ba. Ta koma tsibiri, ba ta sake zuwa ba har ta rasu.

"Duk shekarun nan ina cewa ba ta damu ba ne," in ji shi. "Jiya da kika yi magana na gane."

Sai ya faɗi wani suna, a hankali, kamar mai taɓa tsohon ciwo. Maryama ta dube shi da mamaki, ta ce mini sunansa ne na haihuwa, ita kanta ba ta taɓa jin ya furta shi ba. Na maimaita, harshena ya karkace shi. Ya yi dariya, ya gyara mini, na sake faɗa. Ya ciro tawul ɗin kansa ya goge ido. Ya ce Maryama za ta riƙe sunan gida da ganguna, ta fi shi iya lissafi ma. Lawali ya riƙe nasa. Na tambayi uwar fa, tunda gidan na ubanta ne. Ya ce tun jiya ba ta yi masa magana ba, amma da safe ta sa daddawata a miya.

Ba zan ce muku komai ya daidaita ba. Sunan da ƴaƴansu za su ɗauka, wannan rigimar tana gaba, kuma na ga idon matar nan, ba ta gama da ni ba. Amma an tsayar da magana, za a ɗaura aure a Mayahi bayan kaka. Tsohon ya ce zai taho ya ga itacen ɗorawa da idonsa. Hajiya Rabi ta ce ita za ta saya masa goro.

A filin jirgi Lawali ya riƙe balis ya ƙi saki. Ya ce, "Inna, ƙara faɗa sau ɗaya." Na ce, "Sakar mini kaya, marar kunya." Na wuce ban waiga ba, don na san in na waiga jirgin zai tashi ba ni.

Shekaranjiya matan unguwa suka matsa sai mun ci gaba da littafi na huɗu. Muka zauna ƙarƙashin bedi, na buɗe. Ɗalibin nan ya sake faɗawa tafki, suka yi dariya, ni ban iya ba. Hajiya Rabi ta ce, "Har yanzu uwar tasa ba ta fito ba?" Na ce ba ta fito ba. Ina cikin karatu wayata ta yi ƙara cikin jaka. Na ciro na duba, na kife littafin a cinya.

Na ce, "Ku dakata mini. Lawali ne."

Ba wadda ta yi motsi. Tsohuwa Iya Abu ta saki carbinta ta riƙe haɓa. Na kai wayar kunne, na sake faɗin sunan, yadda zai ji tun daga can.